Yadda Na Tara Hasken Gajimaren Oriyon a Bayan Garin Damagaram

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, duk wanda ya fito tsakar gida da dare a Damagaram ya ɗaga kai zai ga taurari uku a jere, tazararsu daidai wa daida. Su ne ɗamarar tarin taurarin da masana falaki ke kira Oriyon, wanda Larabawa ke ce wa Jauza'u, Buzaye kuma Amanar. Kudu da ɗamarar kaɗan akwai wasu 'yan ƙanana uku, na tsakiyarsu ba shi da kaifi irin na sauran, dishi-dishi yake ko da idonka garau ne. Wannan na tsakiyar ba tauraro guda ba ne. Gajimare ne na iskar gas da ƙura, wanda faɗinsa ya kai tafiyar haske ta shekara 24, kuma a cikinsa sababbin taurari ke samuwa har yanzu. Nisansa da mu kimanin shekarar haske 1,350 ne, wato hasken da ke shiga idonmu a daren yau ya baro can tun ƙarni na farko bayan Hijira. A jerin da Bafaranshe Charles Messier ya tsara, shi ne lamba 42, ya rubuta shi a 1769, shi ya sa 'yan wannan harka ke ce masa M42 kawai.

Da ido, ko da ƙaramin madubin hangen nesa, toka-toka ake ganinsa. Jan nan da shuɗin nan da ake gani a hotuna ba sa fitowa, domin ƙwayoyin ido masu aiki cikin duhu ba sa rarrabe launi. Ido kuma ba ya ajiye haske, abin da ya shigo yanzu ya wuce yanzu. Kyamara ce ke iya riƙe ido a buɗe tana tarawa. Mutumin da ya fara ɗaukar hoton wannan gajimare wani likita ne a Amurka, Henry Draper, ranar 30 ga Satumba 1880, lokacin Sarki Tanimun na kan gadon Damagaram. Kusan minti hamsin ya bar farantinsa na ɗaukar hoto a buɗe, abin da ya samu kuma ɗan tabo ne kewaye da taurari. Bayan shekara uku, a 1883, Andrew Common a Ingila ya fitar da hoton da ya nuna taurarin da ido bai taɓa gani ba ko ta cikin madubin da aka yi hoton da shi. Sanin wannan ne ya ba ni ƙwarin gwiwa. Tsohuwar kyamarar da ke hannuna ta fi farantin Draper kama haske nesa ba kusa ba.

Kayana ba su taka kara sun karya ba. Kyamara ce ta hannu, irin ta masu hoton biki, wadda ake cire mata gilashi a sa wani, mai ɗigo miliyan 18. Sai tsohon gilashi mai milimita 135 na zamanin fim, wanda da hannu ake murɗa shi, da wani mai milimita 50, da ƙafa-uku, da 'yar igiyar nan mai maɓalli da ke sa kyamara ta riƙa ɗauka da kanta ba tare da an taɓa ta ba. Ba ni da madubin hangen nesa, kuma M42 bai buƙace shi ba. A sama ya fi faɗin cikakken wata, matsalarsa rashin ƙarfin haske ce, ba ƙanƙanta ba.

Cikas na farko juyawar ƙasa ce. Sama na tafiya daga gabas zuwa yamma digiri 15 a kowace awa, kuma Oriyon na daf da tsakiyar sama, wato layin da ya raba ta arewa da kudu, inda tafiyar ta fi sauri. Da gilashi mai milimita 135 a kan ƙafa-uku, daƙiƙa ɗaya kake da ita. Ka kai biyu taurari sun fara tsawo, ka kai biyar sun zama layuka. Haka na fara a kan soron gidanmu a Zango: daƙiƙa ɗaya-ɗaya, ɗaruruwan hotuna, kowane 'yan mintoci in ɗan juya kyamarar in mai da gajimaren tsakiya. Kowane hoto ɗaya in ka buɗe shi baƙi ne, da 'yan ɗige-ɗigen taurari, da wani ɗan fari a tsakiya. In ka ƙara masa haske sai yashi-yashi ya cika shi, ja da kore da shuɗi, irin na talabijin da ta rasa tasha.

Dabarar duka tana cikin wannan yashin. Hasken gajimaren a kowane hoto wuri ɗaya yake faɗawa, shi kuwa yashin kowane hoto da inda yake bayyana. In ka ɗora hotuna da yawa a kan juna, tauraro bisa tauraro, ka fitar da matsakaicinsu, hasken gaskiya na tsayawa, yashin na cinye juna. Sai dai ribar ba ta tafiya daidai da wahalar. Hoto huɗu na ninka tsabtar sau biyu, hoto ɗari sau goma, in kana son sau ashirin sai ka kawo ɗari huɗu. Mu 'yan Damagaram mun san irin wannan aiki: famfo na ɗiga da tsakar dare, ka kafa bokiti, ka zauna, ka juye a randa, ka sake kafawa. Ba wanda zai dubi ɗigon ya ce zai cika randa, amma da asuba akwai na girki da na wanka.

Tarin daƙiƙa ɗaya-ɗayan ya fitar da tsakiyar gajimaren da ɗan fikafikansa biyu, iyakarsa ke nan. Dalili kuwa, duk lokacin da kyamara ta karanta hoto sai ta ƙara nata ɗan yashin, kuma a daƙiƙa ɗaya hasken gefen gajimaren bai kai ya rinjayi wannan ba. Dole ido ya daɗe a buɗe, dole kuma kyamara ta bi sama. Na'urorin da ake sayarwa don haka sun fi kyamarar tawa tsada, ga wahalar kawo su. Amma akwai wata dabara da wani mutumin Sikotilan, George Haig, ya wallafa a 1975: katako biyu da hinjin ƙofa da dogon ƙarfe mai zare. In ka saita hinjin ya dubi tauraron arewa, ka riƙa murɗa ƙarfen yana ɗaga katakon sama a hankali, kyamarar da ke kansa za ta bi taurari. Lissafin ma mai sauƙi ne. Ƙarfe mai kaurin milimita 6 zarensa na ci gaba milimita ɗaya a kowane zagaye. Sama na cika zagaye cikin awa 23 da minti 56. In kana son zagaye ɗaya na ƙarfen a minti ɗaya ya yi daidai da tafiyar sama, sai ramin ƙarfen ya kasance milimita 228 da rabi daga tsakiyar hinjin.

Na kai zanen wurin wani dattijon kafinta a Sabon Gari. Ya juya takardar, ya dube ni.

"Yaro, wannan ƙofar akurkin kaji ce?"

"A'a Baba, ta bin taurari ce."

"To. Rabin milimitan nan fa, dole ne?"

Na ce dole ne. Bai ƙara tambaya ba. Ya ajiye tef ɗinsa, ya aiki yaronsa ya aro ma'aunin ƙarfe wurin masu gyaran inji, ya sa ƙusa ya yi alama kafin ya huda. Shi ne ma ya hana ni sayen hinji mai araha, ya zaɓo dogo wanda ba ya rawa, ya ce duk abin da ke girgiza a hannu zai girgiza a aiki. Ya yi gaskiya, domin daga baya na gane rawar hinji ta fi kuskuren awo ɓata hoto.

Da farko da hannu nake murɗawa. Na manna faifan kwali a ƙasan ƙarfen, na zana masa lambobin agogo, ina bin hannun daƙiƙa na agogona. Da gilashi mai milimita 50 wannan na yi, har minti guda kana iya samu. Da mai 135 hannun mutum ba ya iyawa, numfashinka ma na fitowa a hoton. Wani ƙanena da ke karatu a jami'ar Damagaram shi ya raba gardama. Aka sayo mana ɗan ƙaramin moto mai tafiya taki-taki da Arduino, wani ɗan allon lantarki da ake ba umarni, daga Kano, ya rubuta masa umarnin zagaye ɗaya a minti, muka haɗa shi da batirin cajin salula. Daga nan na samu daƙiƙa 20 zuwa 30 taurari na nan zagaye. Da yake ƙarfen miƙaƙƙe ne, hinji kuwa da'ira yake yi, bayan kamar rubu'in awa tafiyar na fara kaucewa, sai a tsaya a mai da katakon ƙasa a sake farawa.

Sai zaɓen dare, kuma a nan ne garinmu ke da nasa hali. Littattafan Turawa gajimaren ruwa suke kuka da shi, mu daga Oktoba zuwa Mayu da wuya mu gan shi. Abokin gabarmu hazo ne. Lokacin da Oriyon ya fi daɗin kallo, Disamba da Janairu, shi ne lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙura daga arewa maso gabas, wajen kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta shimfiɗa mana ita a sama. Wani dare za ka ga taurari ka ɗauka sama a buɗe take, amma a hoto kowane babban tauraro ya yi rawani, bayan hoton ya yi ja-ja, siraran sassan gajimaren sun nutse. Na koyi duban rana da la'asar. In ta kai bakin ƙasa tana da kaifin da ba ka iya kallonta, daren zai yi kyau. In ta zama farin faifai ta ɓace tun tana sama da rufin gidaje, ka kwanta abinka. A ganina Nuwamba ya fi kowane wata: damina ta wanke sama, ƙura ba ta yi ƙarfi ba, sai dai Oriyon ba ya kaiwa ƙololuwa sai wajen ƙarfe biyu na dare. A tsakiyar Janairu da ƙarfe goma da 'yan mintoci yake kaiwa, ga wanda ya yi sa'ar daren da iska ta kwanta. Shi kuwa farin wata ba sai an duba kalandar kowa ba, lissafin watan Musulunci ya wadatar: daga wajen 24 ga wata zuwa 3 ga mai kamawa, dare naka ne.

Muna da wata riba da mutanen Turai ba su da ita. Damagaram na kan digiri 14 ba kaɗan arewa da tsakiyar duniya, don haka M42 na hawa har kusan digiri 71 sama da bakin ƙasa. Haskensa ba ya ratsa iska mai kauri kafin ya iso. Abin da muka samu a nan kuma mun biya shi a wajen tauraron arewa, wanda a wurinmu digiri 14 ɗin nan kawai ya ɗaga, can ƙasa inda ƙura da hasken gari suka fi taruwa. Wannan ne ya sa ban nufi kudu ba, hanyar Magarya, ko da yake can ne Oriyon zai fi samun duhu. In ka yi kudu, hasken gari na komawa arewa ya rufe maka tauraron da za ka saita hinji da shi. Gabas na yi, hanyar Mirya, inda kawuna ke da gona. Gari ya koma yamma, gabas da kudu da arewa duk suka zama nawa.

Ba a zuwa gonar ƙauye da dare da na'ura mai ƙyafta jar wuta ba tare da an gai da masu wuri ba. Kawu ya kai ni wurin mai gari tun da rana. Bayan gaisuwa na yi bayani, dattijon ya saurara har na gama.

"Malam, duba kake yi?"

"Ranka ya daɗe, ba duba ba ne. Hoto ne kawai, irin na biki, sai dai na taurari."

"To me za su ba ka?"

Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yan boko ne, ba sa rasa abin hana kansu barci." Aka yi dariya, aka ba ni izini, aka kuma haɗa ni da wani saurayi da zai zauna da ni saboda karnuka.

Mun isa gonar bayan sallar isha'i. An riga an girbe gero, sai kara a tsaye. Na share wuri, na danna ƙafafun ƙafa-ukun cikin rairayi sosai, na rataya mata jarkar ruwa a tsakiya don iska. Saitin hinji shi ya fi cin lokaci. Na ɗaura bututun biro a jikin hinjin, daidai da tsawonsa, na durƙusa ina leƙe har tauraron arewa ya shigo tsakiyar ramin. Da farkon dare a wannan lokaci taurari biyar ɗin nan masu siffar harafin M da ke sama da shi su ke nuna maka inda yake. Shi kansa tauraron bai zauna daidai kan ƙusar sama, wato wurin da sama ke juyawa a kansa, ba, ya kauce da kusan kashi biyu bisa uku na digiri, amma ga daƙiƙa 25 wannan ba ya hana ruwa gudu.

Daga nan sai daidaita gani. Alamar hangen abu mafi nisa da ke jikin gilashi ba abin dogaro ba ce. Na nufi Shi'ira, tauraron da ya fi kowane haske a daren, wanda ɗamarar Oriyon ke nunawa ta kudu maso gabas, na ƙara girmansa sau goma a allon kyamara, ina murɗawa gaba da baya har ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta, sannan na manne zoben da salatif. Na rage bakin gilashin daga 2.8 zuwa 4, domin a buɗe gaba ɗaya tsohon gilashi na sa wa taurari shunayyar riga. Ƙarfin kama haske na sa 800. Hoton kuma ɗanye, wanda ake kira RAW, ba JPEG ba, saboda JPEG na zubar da daidai siraran hasken da ka fito nema. Na tsara yadda ɗamarar za ta shigo gefe ɗaya, M42 a ɗaya gefen, na danna maɓalli.

Sauran aikin zama ne. Moto na ƙara ƙasa-ƙasa, kyamara na ƙyas duk bayan daƙiƙa 25, abokin zamana ya hura gawayi can nesa bayan wata bishiya ya ɗora shayi, don ko hasken garwashi ban so kusa. Sanyin hunturu a fili ba irin na cikin gari ba ne, yana shiga ƙashi. Amma kyamara na son sa: yashin da zafi ke haifarwa a cikinta na ninkuwa kusan duk digiri 6 ko 7, don haka hoton daren Janairu ya fi na daren Afrilu tsabta ko da komai ɗaya ne. Batir ne ba ya son sanyi, na biyun a aljihun ciki na ajiye shi. Duk rubu'in awa in tashi in mai da katako, in duba hoto na ƙarshe, in koma cikin bargo. Kafin in sauke na ɗauki wasu gajeru na daƙiƙa biyu-biyu saboda tsakiyar gajimaren, wadda a dogayen ta ƙone ta zama fari fat.

Akwai hotuna iri uku da ba na sama ba ne, kuma wanda ya tsallake su zai gane kurensa a gaban kwamfuta. Na farko na duhu: ka rufe gilashi da murfinsa, ka ɗauka da tsawon lokaci ɗaya, cikin sanyin nan ɗaya, don a san ɗige-ɗigen da kyamarar ke ƙirƙira da kanta. Na biyu na ƙiftawa: murfi a rufe, da mafi gajeren lokacin da kyamara ke iyawa. Na uku na fari, wanda a ƙasarmu shi ne sarki. Ba ka taɓa saitin gilashi ba, ka shimfiɗa farar riga mai tsabta a bakinsa, ka nufi sama bayan an sallame asuba gari ya fara haske, ka ɗauki kamar talatin. Su ne ke nuna yadda kusurwoyin hoto suka fi tsakiya duhu, da inuwar duk wata ƙura da ta zauna a cikin kyamara. Kyamarar da ta yi hunturu ɗaya a Damagaram ba ta rasa ƙura, komai rufin da aka yi mata. Da na ja hasken hoton farin nawa, zobba-zobba ne ko'ina.

A gida aikin ya koma na kwamfuta, kuma ya fi na gona tsawo. Da Siril na yi, manhaja ce ta kyauta, akwai ta da Faransanci. Na fara da tankaɗe: duk hoton da iska ta girgiza, ko moto ya yi tuntuɓe, ko fitilar babbar mota daga titi ta haske, na fitar. Wajen kashi ɗaya cikin uku ya tafi, abin da ya rage jimillarsa kimanin awa ɗaya da rabi ne na haske. Zuciya na so ka bar masu ɗan dama-dama don yawa, amma hoto mai taurari dogaye na lalata na kirki. Manhajar ta cire na duhu, ta raba da na fari, ta gano taurari a kowane hoto ta jera su bisa juna, sannan ta tara. A tanadi wuri: hoto ɗaya mai ɗigo miliyan 18 in an warware launukansa uku na iya wuce megabait 200, ɗaruruwa kuwa sai su cika kwamfuta. Tawa tsohuwa ce, ta yi zafi har sai da na ɗora ta kan bulo biyu na kunna mata fanka, kuma na jira lokacin da nake kyautata zaton wuta za ta zauna.

Wani abu ya ba ni mamaki a tankaɗen. Kusa da tauraron ƙarshe na ɗamarar, wasu siraran layuka ke ratsa hotunan, duk a hanya ɗaya. Taurarin ɗan'adam ne masu zama wuri guda a nisan kilomita 35,786, irin waɗanda farantan talabijin ɗinmu ke kallo. Su ba sa motsi, kyamarata ce ke bin sama ta wuce su. Daga Damagaram layinsu na faɗawa kusan digiri biyu da rabi kudu da tsakiyar sama. Manhajar na da hanyar jefar da duk ɗigon da ya saɓa wa 'yan'uwansa a sauran hotuna, don haka a tarin ƙarshe ba su bar ko alama ba.

Abin da tarin ke fitarwa na iya kashe wa mutum jiki: baƙin allo da taurari kaɗan. Hasken na nan, a matse yake can ƙasan ma'auni inda allo ba ya nunawa. Sai an ja shi, wato an ƙara masa ƙarfi har ya fito. Kafin ja, na cire hasken gari da ya sa gefen yamma ya fi na gabas fari, ta hanyar nuna wa manhajar wuraren da babu gajimare ta auna ta share. A nan a yi hattara, domin kusan duk yankin Oriyon akwai siririyar ƙurar sama, in ka ɗora alama a kanta sai a share ta da hasken gari. Launi kuma ban bar wa idona ba. Siril na iya gane taurarin da ke hoton, ta kwatanta su da launinsu na ainihi da ke kundin masana, ta gyara ja da kore da shuɗi a kan haka. Wannan matakin ne kawai ya buƙaci intanet. Ya kuma cire jan da hazo ya shafa wa komai.

Jawo hasken kuwa kaɗan-kaɗan ake yi. Ja na farko, fikafikan suka buɗe. Na biyu, sai ga ɗan ƙaramin gajimaren M43 ya rabu da babban ta wani baƙin layin ƙura, ga wani shuɗi a arewa da su kewaye da wasu taurari. Na uku, kusa da ɗamarar, wani mai kama da harshen wuta ya fito da baƙar jijiya a tsakiyarsa. Na kira ƙanena ya zo ya gani, ya tsaya a bayana bai ce komai ba sai "Yaya, wannan duk daga katakon nan?" Tsakiyar da ta ƙone na gyara ta a GIMP, wata manhajar gyaran hoto: na ɗora tarin gajerun hotunan a kan na dogayen, na goge a hankali har taurarin tsakiya suka leƙo. Huɗu ne a wurin, ana ce musu Tirafiziyam, amma a milimita 135 a cure suke, ba su rabu sosai ba. Mafi girmansu shi ke fitar da hasken da ke kunna gajimaren duka.

Tambayar da kowa ke yi ita ce ko launin na gaskiya ne ko fenti. Jan na haidurojin ne, wanda in hasken taurarin tsakiya ya buge shi yake fitar da haske a nanomita 656, a ma'aunin da masana ke rarrabe launin haske da shi. Kore mai shuɗi-shuɗin da ke tsakiya na oksijin ne, a wajen nanomita 501. Shuɗin gefe kuwa ƙura ce ke mai da hasken taurari. Ba ni na sa su ba. Hasali ma kyamarorin hoton mutane na da wani gilashi a ciki da ke tare mafi yawan jan haidurojin don fatar mutum ta fito daidai, shi ya sa nawa ya fito ruwan hoda, ba ja wur ba. Amma yawan launin da ƙarfin hasken, wannan hannuna ne, kuma nan ne ake zarcewa. Manhaja ba za ta hana ka ba. Kana iya ja har bayan hoton ya zama baƙi ƙirin, gajimaren ya yi jan da babu shi, ka goge yashi har komai ya yi santsi kamar roba. Na ga hotuna da yawa irin haka kuma ba sa burge ni. Sama ba baƙa ƙirin ba ce, toka ce mai duhu. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ƙa'idar da na bi ita ce, duk abin da ban iya hangowa a tarin kafin gyara ba, ko da dishi-dishi, ba zan tilasta shi ya fito ba. Na kuma riƙa barin hoton ya kwana. Abin da ya yi kyau da ƙarfe ɗaya na dare sau da yawa da safe sai ka ga ya yi yawa, ka rage.

A kan wannan ƙa'ida ne na bar Kan Doki yadda yake. Wani baƙin gajimare ne kusa da harshen wutar nan, wanda Williamina Fleming ta gano a farantin hoto a Harvard a 1888. A nawa ɗan tsinke ne baƙi a jikin wani ja mai rauni, sai na nuna wa mutum da yatsa yake gani. Awa ɗaya da rabi ba ta ishe shi ba da irin kyamarata. Lissafin nan na ninki huɗu ya ce in ina son tsabtarsa ta ninka biyu sai na tara awa shida, wato dare da yawa, kuma za a iya haɗa na bana da na baɗi tunda gajimaren ba ya zuwa ko'ina.

Wajen rabawa akwai 'yan abubuwa. In ka tura hoton ta salula a matsayin hoto, ana matse shi, sassan duhu su zama tsani-tsani, don haka a matsayin fayil nake turawa. Wajen wankewa kuma takarda ba ta da haske irin na allo, sai ka ƙara wa hoton haske fiye da yadda kake so kafin ka kai, ka kuma roƙi mai shagon ya kashe gyaran da injinsa ke yi da kansa, in ba haka ba zai ɗauka hoton dare ne da ya lalace ya yi ƙoƙarin ceto shi. Guda biyu na wanke, ɗaya na kafinta, ɗaya Kawu ya kai wa mai gari. Saƙon da ya dawo da shi shi ne, in zan koma a Nuwamba in zo da wuri, akwai yaran makarantar ƙauyen da malaminsu da ke son leƙa allon kyamarar kafin a kore su barci.